Na'urar da ke gina ƙarfe daga gari da hasken leza: za ta biya kuɗinta a Kano?

Tambayar ta fito ne daga wani dattijo mai masana'antar roba a Sharaɗa, wanda kuma yake da ɗan wurin gyaran injuna a cikin harabar masana'antar. Ɗansa ne ya nuna masa bidiyon wata na'ura da ake zuba wa garin ƙarfe, wani haske ya yi ta yawo a kan garin, bayan wani lokaci a tono giyar inji ko bututu a gine tsaf ba tare da an hura wuta ko an ɗaga guduma ba. Yana so ya san ko abin gaskiya ne, ko ƙarfen da ke fitowa yana da ƙwari kamar wanda aka saba da shi, sannan idan ya sayo na'urar ko zai huta da jiran kayan gyara na wata da watanni daga Sin da Indiya.

Alhaji, ranka ya daɗe, abin da ka gani gaskiya ne, ba siddabarun bidiyo ba ne, kuma ƙarfen yana da ƙwari. Amma shawarata ita ce kada ka saye ta domin kayan gyara na yau da kullum, domin giya ko sandar inji da za ta fito daga cikinta za ta ninka wadda za ka samu a Ƙofar Ruwa ko wadda za a sassaƙa maka a Dakata tsada sau da yawa, alhali ba za ta fi su aiki ba. Akwai wuri guda a cikin masana'antarka da wannan fasaha za ta iya mayar maka da kuɗinka, kuma ba sai ka mallaki na'urar ba kafin ka amfana da shi. Kafin in kai can, ya kamata a fahimci abin da ke faruwa a cikin akwatin, domin duk amfanin na'urar da duk matsalarta daga nan suke tasowa.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar na'urar ita ce a ɗauke ta a matsayin mai walda wanda hannunsa ba ya rawa, wanda kuma layin waldarsa siriri ne kusan kamar silin gashi. Ana fara aikin ne da zanen abin da ake so a kwamfuta, mai nuna tsawo da faɗi da kauri, sai manhaja ta yayyanka zanen zuwa siraran shimfiɗu, kamar yadda mai tsire yake fere nama falle-falle. A cikin na'urar akwai farantin ƙarfe mai kauri da ake gini a kansa. Wata wuƙa mai faɗi takan bi ta kan farantin ta baza gari, kaurinsa tsakanin maikiron 20 zuwa 60, wato ƙasa da kaurin gashin kai, wanda yake wajen maikiron 70. Daga nan hasken leza mai ƙarfin wat 200 zuwa 1,000, wanda aka tattara shi a ɗigon da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, sai ya bi siffar wannan shimfiɗa ya narkar da garin da ke wurin kaɗai. Ƙananan madubai biyu ne suke karkata hasken, shi ya sa yake gudun kusan mita ɗaya a daƙiƙa guda. Da ya gama, farantin zai sauka ƙasa daidai kaurin shimfiɗa ɗaya, wuƙar ta sake baza sabon gari, hasken ya sake narkarwa har narkin ya ratsa cikin shimfiɗar da ke ƙasa su zama abu ɗaya. Garin da hasken bai taɓa ba yana nan a matsayin gari, a ƙarshe a kakkaɓe shi, a tankaɗe, a sake amfani da shi. Duk wannan yana gudana ne a cikin akwati rufaffe da aka kore iskar cikinsa aka cika shi da iskar agon ko naitirojin, har sai oksijin ya koma ƙasa da kashi 0.1 cikin ɗari, domin narkakken ƙarfe yana haɗuwa da oksijin nan take ya lalace.

Fasahar ba sabuwa ba ce kamar yadda bidiyo ke sa mutum ya zata. Carl Deckard ne ya fara haɗa gari da hasken leza shimfiɗa bayan shimfiɗa a Jami'ar Texas da ke Austin a Amurka, a tsakiyar shekarun 1980, kuma da garin roba aka fi yin aikin a lokacin. Narkar da garin ƙarfe gaba ɗaya, yadda ake yi yanzu, ya samo asali ne a cibiyar binciken leza ta Fraunhofer da ke Aachen a Jamus a 1995. Sunayen da za ka gani a takardun talla, irin su SLM da DMLS, kusan duk abu ɗaya suke nufi. Kowane kamfani ne ya raɗa wa nasa suna.

Batun ƙwari shi ne ya fi buƙatar a tsaya a kai, domin amsar tana da fuska biyu. Idan an daidaita na'urar yadda ya kamata, ƙarfen yakan fito a cike da fiye da kashi 99.5 cikin ɗari, kuma saboda ɗan narkin yana hucewa da sauri mai ban mamaki, da dubban ɗaruruwan digiri a daƙiƙa guda, ƙwayoyin cikin ƙarfen sukan fito ƙanana ƙwarai. Wannan ya sa idan aka ja shi a injin gwaji yakan fi ƙarfen zubi juriya, sau da yawa ma ya kama ƙafar wanda aka ƙera da duka. Inda gizo ke saƙar shi ne wannan ɗan ragowar da bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Idan zafin hasken ya gaza, akan bar wurare tsakanin shimfiɗu da ba su narke sun haɗe ba; idan ya yi yawa, ƙarfen ya tafasa ya bar ƙananan ramukan iska a ciki. Abin da ke zaune wuri ɗaya yana ɗauke da nauyi ba zai damu da waɗannan ramuka ba. Amma abin da ke juyawa ko girgiza dare da rana, kamar sandar injin niƙa, daga irin wannan rami tsaga take farawa, ta yi ta tafiya a hankali ba wanda ya gani, har ranar da sandar za ta karye ba tare da ta lanƙwasa ta yi gargaɗi ba. Injiniyoyi suna kiran wannan gajiyar ƙarfe, kuma saboda ita ne masu ƙera kayan jiragen sama suke saka abin da suka gina a wata tanda ta musamman, inda ake haɗa masa zafi da matsin iskar agon da ya ninka matsin iskar duniya sau dubu, domin ramukan ciki su toshe, sannan su haska cikinsa da hoton da ke ratsa ƙarfe kafin su amince da shi.

Matsala ta biyu duk mai walda ya san ta. Idan ka yi wa farantin ƙarfe walda a gefe ɗaya, yakan bauɗe, domin wurin da ya narke yana tsukewa sa'ad da yake hucewa ya ja na kusa da shi. To, a wannan na'ura ana yin irin wannan walda sau dubbai, kowace a kan ta baya, kowace kuma tana ja. Wannan ja-in-ja yana taruwa a cikin ƙarfen har yakan ɓamɓaro abin daga farantin, ko ya lanƙwasa farantin kansa duk da kaurinsa. Lokacin da nake koyon aikin a ƙasar waje, na taɓa barin na'ura tana gini da yamma, da na dawo da safe na tarar kusurwa ɗaya ta ɗaga da abin da bai kai milimita guda ba, wuƙar baza gari ta ci karo da ita, aikin awa goma sha ya tashi a banza. Laifina ne, domin na yi rowar tokara. Tokara su ne ƙananan ginshiƙai da ake ginawa tare da abin, su riƙe shi a jikin farantin su kuma janye zafi, kuma duk ɓangaren da ya kwanta ƙasa da digiri 45 sai an tokare shi, kamar yadda magini yake tokare rufin kankare da katako kafin siminti ya kama. Bayan an gama gini, ba a yanke abin daga farantin sai an saka su tare a tanda an gasa na sa'o'i domin ƙarfen ya saki jiki. Daga nan a yanke shi da zarto ko da injin yankan waya mai tartsatsin lantarki, a ɓalle tokarar da hannu, a goge. Fatar abin takan fito da kaushi kamar takardar yashi, kuma daidaitonsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, alhali mazaunin boris yana buƙatar daidaito da ya fi haka sau biyar ko goma. Ma'ana, duk wurin da zai haɗu da wani ƙarfe sai ya koma kan injin sassaƙa. Na'urar ba ta sallami masu sassaƙar ƙarfe ba, ta ƙara musu aiki ne, kuma bidiyon da aka nuna maka ya tsaya ne daidai inda wannan wahala take farawa.

Garin kuma ba gogaggen ƙarfen da ke zuba a ƙarƙashin injin gurza ba ne, kuma ba za a iya niƙa tarkacen ƙarfe a same shi ba. Ana yin sa ne ta hanyar narkar da ƙarfe a sako shi siriri, sai a buge shi da iskar agon ko naitirojin mai tsananin matsi, ya tarwatse ya zama ƙananan ɗigo da ke daskarewa a iska suna mulmulallu. Sai a tankaɗe a ware masu girman maikiron 15 zuwa 45 ko kusa da haka. Mulmuluwar ita ce sirrin, domin ita ke sa garin ya gudana ya bazu sumul kamar busasshen yashin rafi, ba kamar garin tuwo mai dunƙulewa ba. Kilo ɗaya na garin ƙarfe mara tsatsa yakan kai gomman daloli, na taitaniyam kuma ɗaruruwa, kuma dole daga waje za a shigo da shi. Ga wani lissafi da masu talla ba sa so a yi: matsakaiciyar na'ura irin EOS M 290 tana da faranti mai santimita 25 a kowane gefe, kuma ko abin da za ka gina bai fi girman ɗan yatsa ba, sai ka cika faɗin farantin gaba ɗaya da gari har zuwa tsayin abin. Idan tsayinsa santimita 10 ne, kana buƙatar aƙalla kilo 25 na garin ƙarfe a cikin akwatin kafin a gama.

Sannan ba kowane ƙarfe ne yake yarda da wannan aiki ba. Ƙa'idar ita ce, ƙarfen da ke karɓar walda cikin sauƙi shi ne yake ginuwa: ƙarfe mara tsatsa irin 316L, gaurayen taitaniyam, gaurayen nikel da ke jure zafin injin jirgi, gaurayen kobal da kurom, da alminiyam mai silikon. Ƙarfen da ke da kabon da yawa yakan tsattsage saboda saurin hucewa, shi kuwa ƙarfen zubi da ake yin gangar jikin inji da famfo da shi ba a saba gina shi ta wannan hanya ba. Idan ka duba kayan gyaran da suka fi ba ka wahala, za ka tarar yawancinsu daga waɗannan biyun suke.

Lokaci ma ba ya goyon bayanta. Abu mai tsayin santimita 10 da aka gina da shimfiɗar maikiron 40 yana buƙatar shimfiɗu 2,500. Idan baza gari kaɗai yana cin daƙiƙa 10 kowane zuwa, an kashe kusan awa 7 kafin a ƙirga lokacin narkarwa. Na'ura mai leza guda takan gina santimita kubik 5 zuwa 20 ne kawai na ƙarfe a awa. Mai zubin tukwanen alminiyam, da zarar ya samu samfurinsa da yashinsa, tukunya ta ɗari ta fi ta farko arha a wurinsa. A wannan na'ura kuwa na ɗari da na farko kuɗinsu kusan ɗaya ne. Abin da take bayarwa a madadin haka shi ne, sarƙaƙiyar siffa ba ta ƙara mata kuɗi. Dunƙulen ƙarfe mai kusurwa huɗu da dunƙule mai ramuka masu lanƙwasa a cikinsa duk ɗaya ne a wurinta, na biyun ma ya fi arha domin garin da za a narkar ya fi kaɗan.

Wannan shi ne dalilin da ya sa kamfanin GE na Amurka ya ci riba da ita a kan bakin feshin mai na injin jirgin sama samfurin LEAP. A da ana haɗa shi ne daga gutsattsari kusan 20 da ake ƙerawa daban-daban a liƙe su; da aka sake zana shi aka gina shi a dunƙule ɗaya, nauyinsa ya ragu da kashi 25 cikin ɗari, ya kuma ninka na da ƙarko sau biyar. Masana'antarsu da ke Auburn a jihar Alabama ta fitar da na 100,000 a 2021. A lura cewa ba kwafin tsohon suka yi ba. Sun zana wani abu ne da ba wata hanya da za ta iya ƙera shi, a sana'ar da kowane kilo da aka rage yake nufin tanadin man jirgi na shekaru.

Ko da an ajiye maganar farashin na'urar, wanda ga matsakaiciya da kayan rakiyarta yakan kai rabin dala miliyan ko ya wuce, zaman ta a Kano yana da nasa sharuɗɗan. Gini ɗaya yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku ba tsayawa, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiya, abin ya huce ya tsuke, ko an ci gaba akan bar tabon rauni a daidai wannan shimfiɗa. Saboda haka janareto kaɗai bai isa ba, sai da manyan batura da za su riƙe na'urar ba ko ƙyaftawa kafin janareton ya tashi. Iskar agon da take sha ta wuce a yi ta da tulun masu walda ɗaya ko biyu. Ɗakin yana buƙatar sanyi da tsafta, domin ƙurar hunturu da ke shiga ko ta ƙofar allura abokiyar gabar madubai da gilasan leza ce, danshin damina kuma yana sa garin ya dunƙule ya haifar da ramukan iska, musamman a alminiyam. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wuta. Garin alminiyam da na taitaniyam, idan ya tashi a iska ya haɗu da tartsatsi, fashewa yake yi, kuma baƙin toka da ke taruwa a matatar na'urar yakan kama da kansa idan ya sha iska. Ruwa ba ya kashe irin wannan wuta, ƙara mata ƙarfi yake yi. Akwai abin kashe gobara na musamman domin wutar ƙarfe. Garin nikel da kobal kuma illa ne ga huhu, don haka yaron da zai tankaɗe shi yana buƙatar abin rufe fuska na gaske, ba ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba.

Yanzu ga wurin da na ce akwai riba. Kai mai roba ne, ka fi ni sanin cewa a kowane zagaye na injin allurar roba, wanda ke tura narkakkiyar roba cikin mazubi, fiye da rabin lokacin yana tafiya ne wajen jiran robar ta huce a cikin mazubi kafin a buɗe. Hanyoyin ruwan sanyaya mazubin da kake da su yanzu an huda su ne da abin huji, shi kuwa abin huji miƙe yake tafiya, ba ya kwana. Saboda haka ruwan yana wucewa kusa da wasu wurare ya yi nisa da wasu, kuma wurin da ya fi zafi, kamar zurfin murfin kwalba, ko mariƙin buta, ko gindin kofi mai kauri, shi ne yake yanke wa injin gaba ɗaya hukuncin tsawon jira. Idan aka buɗe da wuri, kayan ya fito a bauɗe ko da lotsawa. Da wannan fasaha ana iya gina ɗan ɓangaren mazubin da ke wannan wuri mai zafi, ba mazubin duka ba, da hanyoyin ruwa masu lanƙwasa da ke bin siffar kayan a tazara ɗaya ko'ina, har su nannaɗe cikin wurin da abin huji ba zai taɓa kaiwa ba. Ana yin sa da wani ƙarfe mai nikel da yawa da kabon kaɗan, mai lamba 1.2709, wanda yake ginuwa ba tare da tsagewa ba, bayan haka a gasa shi a zafin digiri 490 na awa 6 ya yi taurin da mazubi yake buƙata. Lissafin a nan mai sauƙi ne: idan zagayenka daƙiƙa 20 ne ya koma 16, injin da ke fitar da zubi 180 a awa zai koma fitar da 225, da wuta ɗaya da ma'aikata ɗaya. A kayan da ake bugawa miliyoyi, ɗan ƙarfen da bai fi dunƙulen hannu ba yana iya biyan kuɗinsa cikin 'yan watanni. Sharaɗi ɗaya zan gindaya, kuma na san shi ne za a fi yin sakaci da shi: waɗannan hanyoyi sirara ne kuma ba a iya zura musu waya a goge, don haka idan ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri da laka za a riƙa tura musu kai tsaye, za su toshe, a koma gidan jiya. Sai da matata da ruwan da aka gyara mai zagayawa a rufe.

Akwai kuma 'yar'uwar wannan fasaha da nake ganin ta fi dacewa da wurin gyaranka, da ma Kano baki ɗaya, inda gyara ya fi saye yawa. A wannan ba a shimfiɗa gari. Wani baki ne yake feso garin kai tsaye cikin ɗan narkin da leza ta yi a jikin ƙarfen, yana tafiya yana ɗora sabon ƙarfe. An bunƙasa wani nau'inta a cibiyar bincike ta Sandia a Amurka a shekarun 1990. Da ita ake cike mazaunin boris da ya cinye, ko sukurun injin roba da ya zaizaye, ko gefen mazubi da ya ɓantare, har a ɗora musu ƙarfen da ya fi na asali tauri. Masu walda suna yin irin wannan ciko da wayar walda tun da daɗewa, amma zafin walda yakan bauɗar da sandar ya kuma sauya taurin ƙarfen da ke kewaye, ita kuwa leza zafinta a taƙaice yake. Garinta ya fi girma, maikiron 45 zuwa 150, ya fi arha, kuma ba a cika akwati da shi. Wanda ya kafa wannan a tsakanin Sharaɗa da Challawa da Bompai zai samu masu kawo masa aiki fiye da wanda ya kafa waccan.

Game da kwafin kayan gyara, na'urar ba ta kallon tsohon ƙarfe ta haifi sabo. Sai an zana shi a kwamfuta, kuma idan aka ɗauki hoton wanda ya cinye, cinyewar ma za a kwafa; sai injiniyan da ya san aikin abin ya mayar da awon asali, ya kuma gano irin ƙarfen da irin gashin da aka yi masa. Da zarar an samu wannan zane, a mafi yawan lokuta sassaƙa shi daga sandar ƙarfe ya fi sauri da arha. Abin da ya shafi birki ko sitiyari ko ɗaga kaya sama da kan mutane kuwa, kada a gina shi ta wannan hanya ba tare da cikakken gwaji ba.

Abin da zan so ka yi, Alhaji, shi ne ka zaɓi mazubi ɗaya da ya fi kowanne aiki a masana'antar, ka sa a auna tsawon zagayensa da agogo, a rubuta daƙiƙa nawa ke tafiya a sanyaya, a kuma auna zafin fuskar mazubin nan da nan bayan an buɗe domin a gano wurin da ke riƙe zafi. Idan akwai irin wannan wuri, a samu injiniya matashi da ya iya zanen kwamfuta, irin waɗanda Jami'ar Bayero take yayewa, ya zana ɗan ɓangaren da sababbin hanyoyin ruwa, a bar rarar rabin milimita a fuskokin da za a sassaƙa. A aika zanen ga ɗaya daga kamfanonin da ke gini a kan kuɗin aiki a Sin ko Indiya ko Turai, a nemi su gasa shi, su gwada hanyoyin da matsin ruwa, su haɗo da takardar shaidar garin da suka yi amfani da shi. Gogewa da daidaitawa ta ƙarshe a yi ta a nan, a wurin gyaranka, sannan a sake riƙe agogo a gefen injin.